Kafin kifi ya taso ciki sama, wa ya riga shi mutuwa?

Yau maganar ruwa na zo da ita, amma ba ta layin pampo ko kuɗin bido ba, waccan mun sha yin ta kuma za mu ƙara. Maganar mazauna cikin ruwan ce, waɗanda ido ba ya gani.

A bayan unguwarmu a Maraɗi akwai wani tafki, irin ramukan nan da aka ɗebe ƙasar gini aka bari, damina ta zo ta cika su. Sa'ad da muke yara, in ruwa ya sauka kwaɗi ba su barin kowa ya runtsa. Da rana mu shiga da tsohon gidan sauro muna tace talibambam da ƴan tarwaɗa, mu koma gida a zane mu. Bara da damina na kwana gida, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, tafkin ya cika har ya taɓo katangar mutane. Na kasa kunne cikin dare, shiru. Da safe na tambayi ƙanena, ya ce, "Yaya, ai an jima da daina jin su." Tun yaushe? Ya ɗaga kafaɗa. Kowa a unguwar da nasa hasashen. Wani ya ce ruwan rini ne, wani ya ce baƙin man da ke gangarowa daga gareji, wani ya ce leda ce ta yi yawa. Abu ɗaya dai kowa ya yarda da shi: babu ranar da aka wayi gari aka ga mushen kifi a bakin ruwa. Tun da kuwa ba a ga mushe ba, babu wanda ya ɗauka an yi ɓarna.

To nan matsalarmu take. Ma'aunin gurɓatar ruwa a wurinmu guda biyu ne, hanci da mushen kifi. In ruwa bai yi wari ba kuma kifi bai taso ciki sama ba, shi ke nan, lafiya lau. Ni kuwa abin da na zo in faɗa shi ne, kifi yana cikin na ƙarshe da ke kawo labari. Kafin shi akwai waɗanda suka daɗe da mutuwa ba wanda ya yi musu ta'aziyya, kuma da su ya kamata a fara auna duk sinadarin da za a zubar a ruwanmu.

Ranar da na fara ganinsu ina shekara ta biyu a jami'a. Malaminmu ya aiki ɗayanmu ya ɗebo ruwan kududdufi a gorar roba, ya ɗiga ɗigo ɗaya a kan gilashi, ya sa a mikroskop ya ce mu zo ɗaya bayan ɗaya. Wallahi na ɗauka zan ga laka. Sai na ga kasuwa ta ci. Wasu kore shar suna zaune wuri guda, wasu na juyawa kamar tayar keke, wasu na gudu da ƴan gashin jikinsu, wata kuma mai ɗan girma, jikinta garai har kana hango zuciyarta tana bugawa. Na ɗago kai na dubi gorar, ruwan nan dai da muke tsallakewa kullum a hanya muna toshe hanci.

Waɗannan korayen ƙananan gansakuka ne, su ne gonar cikin ruwa. Da hasken rana suke haɗa abinci, su saki iskar oksijen da kifi ke shaƙa. A teku danginsu ne ke samar da kusan rabin oksijen da ake samarwa a duniya. Mai bugun zuciyar nan ita ce dafniya, Turawa na ce mata ƙumar ruwa saboda yadda take tsalle, ita da danginta su ne dabbobin kiwon da ke cin wannan gona. Ƴaƴan kifi kuma, da zarar sun ƙyanƙyashe sun cinye guzurin da suka fito da shi, waɗannan ƙananan ne abincinsu na farko, domin bakinsu bai isa cin wani abu ba. Can ƙasa cikin laka ga bakteriya, masu sharar gari, su ne ke narkar da kashin dabba da ruɓaɓɓen ganye da duk ƙazantar da muka tura, su mai da ita taki ga gansakuka. In ka ji an ce ruwa mai gudu yana wanke kansa, to aikinsu ne ake nufi.

Yanzu ku lissafa da kanku. In wani sinadari ya shiga tafki da ƙarfin da bai isa kashe babbar karfasa ba amma ya isa kashe ƙumar ruwa, me za a gani? Ba komai. Manyan kifi na nan suna iyo. Sai dai ƴaƴan da aka ƙyanƙyashe bana ba su da abinci. Baɗi masunci ya jefa koma ya jawo kaɗan, ya ce shekara ce ba ta yi kyau ba. Baɗin baɗaɗa ya ce masunta ne suka yi yawa. A hankali ya sayar da kwalekwale ya koma kabu-kabu, har abada babu wanda zai haɗa wannan da abin da aka zubar shekara uku baya.

Shi ya sa masana suka ce a daina jiran kifi, a tambayi ƙananan kai tsaye. Kuma yadda ake tambayar tasu ba wani tsafi ba ne, bari in kwatanta muku wanda aka fi yi, na ƙumar ruwa, wanda ƙungiyar OCDE ta tsara ƙa'idarsa da lamba 202. Ana kiwon dafniya a ɗakin gwaji. A zaɓi jarirai waɗanda ba su kai sa'a 24 da haihuwa ba. A ɗauki sinadarin da ake tuhuma, ko ruwan da masana'anta ke zubarwa, a sirka shi da ruwa mai tsabta hawa-hawa, aƙalla hawa biyar, daga mai ƙarfi zuwa mai rauni. Kowane hawa a sa masa aƙalla dafniya 20, galibi biyar-biyar a ƙananan kofuna huɗu. A gefe guda a ajiye kofunan da babu komai cikinsu sai ruwa mai kyau, su ne shaida. Bayan sa'a 24 a duba, bayan sa'a 48 a sake dubawa. A ɗan girgiza kofi, duk wadda ta kasa yin iyo cikin daƙiƙa 15 a ƙidaya ta a matsayin wadda guba ta kama. In a kofunan shaida fiye da kashi 10 cikin ɗari suka kwanta, an zubar da aikin a sake, domin alama ce kiwon ne ba shi da lafiya. Kwana biyu ke nan, da kofuna da ido da haƙuri.

Daga ƙidayar nan ake fitar da lamba ɗaya, wadda a takardun Faransanci za ku ga an rubuta CE50, a na Ingilishi EC50. Ma'anarta ƙarfin sinadarin da ya kwantar da rabin halittun da aka gwada. Ku riƙe wannan da kyau, domin yana rikita mutane: in lambar ƙarama ce, gubar babba ce. Sinadarin da miligram 1 a lita ya isa ya kwantar da rabi ya fi wanda sai an kai miligram 100 haɗari nesa ba kusa ba. A tsarin lakabi na duniya, duk wanda lambarsa ba ta wuce miligram 1 a lita ba, ana sa shi a rukunin masu tsananin guba ga halittun ruwa. Miligram 1 a lita kuwa, don ku ga ƙanƙantarsa, daidai yake da gram ɗaya tak a cikin bido 40 masu cin lita 25. Gram ɗaya fa, bai cika ƙaramin cokalin shayi ba.

Gansakuka ma da nasu gwajin, mai lamba 201, na sa'a 72. Su ba a jiran su mutu, ana duba ko sun daina yaɗuwa ne idan aka kwatanta da na kofin shaida. Akwai kuma wanda ya fi burge ni, na wata bakteriyar teku mai suna Vibrio fischeri, wadda ke ba da haske kamar makyalli muddin tana cikin ƙoshin lafiya. A zuba mata ruwan da ake tuhuma, a sa a na'urar auna haske, cikin minti 15 zuwa 30 in da guba hasken ya dusashe. Kafin a sauke shayi na biyu a fada an sami amsa. Sai kuma na masu tashar tace ruwan ƙazanta, da ke auna ko bakteriyar da ke musu aiki ta rage numfashi, domin in guba ta kashe ta, tashar ta zama kwata mai tsada kawai.

Duk waɗannan na gaggawa ne, suna kama gubar da ke bugewa nan take. Akwai wadda ba ta kashewa, sai dai ta hana haihuwa. Ita ana gane ta da gwajin kwana 21, inda ake ƙidaya ƴaƴan da kowace dafniya ta haifa. Ni a ganina wannan ce ta fi kama da abin da ke faruwa a tafkunanmu, domin ba tanka guda ake juyewa a rana ɗaya ba, bokiti ne yau, bokiti gobe, shekara da shekaru.

Su kansu masu wannan ilimi sun san kofi ba tafki ba ne. Don haka a Turai, in sakamakon gaggawa kaɗai ake da shi na gansakuka da dafniya da kifi, ana ɗaukar mafi ƙanƙantar lambar a raba ta gida 1000, abin da ya fito shi ne iyakar da ake sa ran ba za ta cutar ba. Tun 2007 dokarsu ta sinadarai, REACH, ta ɗora nauyin kawo irin waɗannan bayanai a kan mai ƙerawa ko mai shigo da kaya, ba a kan talakan da ke bakin kogi ba. Babu bayani, babu kasuwa. Mu kuwa a nan wanda aka cuta shi ake cewa ya kawo hujja, alhali ko kuɗin awo ɗaya ba shi da shi.

Wani zai ce, ai ana kai ruwa laboratuwar ana aunawa. Gaskiya ne, kuma awon sinadarai yana da amfaninsa. Amma na'ura abin da ka tambaye ta shi take ba ka amsarsa. Ka ce ta nemo maka kurom, za ta nemo kurom. Ka ce dalma, dalma. Wanda ba ka ambata ba, ko yana nan jingim, ba zai fito a takarda ba. Sannan ruwan da ke fita daga bututun masana'anta ko magudanar gari ba abu ɗaya ba ne, gauraye ne: gishiri, sabulu, launi, mai, ƙarafa, maganin ƙwari. Kowanne shi kaɗai yana iya zama ƙasa da iyaka, amma a haɗe su yi kisa. Ƙumar ruwa ba ruwanta da sunan sinadari. In ruwan ba ya rayuwa, za ta kwanta, ka gani da idonka. Shi ya sa a Amurka ake shardanta wa masu zubar da ruwa da yawa su gwada ruwan bututun nasu ɗungurungum a kan halittu masu rai, ban da awon sinadarai.

Yanzu mu zo ga abin da ya fi damuna. Ko da mun kwafi lambobin Turai kamar yadda suke, ba lalle su kare mu ba, domin ruwanmu ba irin nasu ba ne. Gwajin dafniya ana yin sa ne a sanyin digiri 18 zuwa 22. Ku sa hannu a tafki a watan Afrilu ku gaya mini. Ruwan ɗumi oksijen ɗinsa ya fi kaɗan, kusan miligram 9 a lita a digiri 20, ya sauko wajen 7 da rabi a digiri 30, ga shi kuma jikin halitta yana aiki da sauri cikin zafi, sinadarai da yawa sun fi saurin shiga da illa. Halittar da ke haki tun kafin guba ta zo, kaɗan ya ishe ta. Sannan ga rana da iska, waɗanda a yankinmu suke shanye fiye da mita 2 na ruwa a shekara daga buɗaɗɗen tafki. Ruwa ya tafi sama, ƙarfe da gishiri su zauna. Abin da aka zuba a watan Satumba tafki na cike ya zama kamar ba komai, a watan Mayu ya zama kamar miyar da aka bari a kan wuta. Kuma a daidai lokacin ne garken shanu da masu lambu da yara masu wanka suka fi dogara da ɗan abin da ya rage.

Akwai wani misali daga Turai da nake yawan tunawa. Ranar 30 ga Janairu 2000, a Baia Mare ta ƙasar Romaniya, madatsar ruwan dattin wata ma'aikatar zinariya ta fashe, kusan mita kubik 100,000 na ruwa mai siyanur ya kwarara, ya bi ƙananan koguna ya faɗa Tisza, daga nan ya shiga Danub. Duniya ta ga hotunan tulin kifi. Abin da ba a ɗauka a hoto ba, a inda gubar ta ratsa ƙananan halittun ruwa sun ƙare kakaf. Amma ba a jima ba suka dawo, domin kogi ne, ruwa mai tsabta daga sama ya biyo baya ɗauke da sabon iri. To, tafkin Madarunfa fa? Na Gidimuni? Na Tabalak da Ɗan Dutsi a jihar Tawa? Duk suna cikin jerin dausayin duniya na Ramsar, muna alfahari da su, amma a tsawon rani babu wani sabon ruwa da zai zo ya wanke su. Abin da ya shiga ya zauna sai wata damina. Gulbin Maraɗi kuma daga Najeriya yake shigowa, ke nan abin da aka zuba a can ma namu ne, kamar yadda abin da aka zuba a Yamai yake gangarawa Gaya ya wuce wa maƙwabta.

Ko Kogin Isa da muke gani kamar ba ya ƙarewa, a 1985 ya tsaya cak a Yamai, iyayenmu sun ga haka. Kowace shekara wajen Mayu da Yuni yakan ragu ƙwarai, amma ruwan dattin birni da ke bin ƙoramar Gunti Yena da sauran magudanai ba ya raguwa. Duk wanda ya ce maka kogi zai sirka, ka tambaye shi a wane wata.

Maganar siyanur ta kawo mu gida, domin da shi da zaiba ake aikin zinariya a wuraren haƙa na gargajiya, daga Komabangu har Jado. Zaiba tana da wani hali na daban da ya kamata kowa ya sani. In ta kwanta a laka inda babu iska, wasu bakteriya na juya ta zuwa wani nau'i da ake kira metilmerkur, wanda ke maƙalewa a jikin halitta ba ya fita da sauƙi. Gansakuka su ɗauka, ƙumar ruwa ta ci gansakuka dubbai, ƙaramin kifi ya ci ƙuma dubbai, giwan ruwa ya ci ƙananan kifi, mu kuma mu sayi giwan ruwa domin shi ne na manya. A kowane hawa gubar ƙaruwa take. Wannan nau'in ne ya nakasa mutanen Minamata a Japan, inda aka gano cutar a 1956, bayan wata masana'anta ta yi shekaru tana zuba shi a teku mutane na cin kifin. Yarjejeniyar duniya kan zaiba ta 2013 sunan garin ta ɗauka, kuma Nijar na cikinta. A nan ƙananan halittun su ne ƙofar da gubar ke bi ta iso kwanon tuwonmu.

Na san abin da wasu ke shirin rubuta mini: kai ɗan boko, mutane na neman abin da za su ci kana maganar ƙumar ruwa. Na riga na sha wannan a gida. Gwaggona marina ce, da rinin shadda ta aurar da ƴaƴanta, da shi kuma ta cika mini kuɗin rajista shekarar da Baba ya kasa. Tana aiki da garin launi da soda mai ƙuna da wani farin gari mai wari da ke sa launi ya kama. In ta gama, ruwan baho sai bayan gida, ya bi kwata ya gangara tafkin nan. Ran da na yi mata maganar, ta ajiye sandar juyi ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, karatun naka a kaina zai ƙare? To in ban zuba nan ba, a ɗakina zan zuba?" Na rasa amsa, domin tana da gaskiya. Ta miƙo hannuwanta, duk sun dare sun yi shuɗi har gwiwa, ta ce, "Ni ruwan ya fara ci kafin kwaɗinka."

Tun daga ranar na daina ɗora laifi a kan mai baho. Wanda ya sayar mata da garin a leda ba suna ba lakabi, wanda ya shigo da shi buhu-buhu, da wanda aikinsa ne ya tanadi wurin zubarwa bai tanada ba, su ne abin tambaya. Haka majema. Kakanninmu da bagaruwa suke jima, yau a wurare da yawa a duniya gishirin kurom da sulfur sun maye gurbinta domin sun fi sauri. Kurom ɗin jima, mai daraja uku, bai kai mai daraja shida guba ba, gaskiya ne, amma a wasu yanayi yana iya rikiɗa ya koma shi. Mai daraja shidan kuwa, ku ji abin mamaki, gishirinsa ne ɗakunan gwaji ke ajiyewa a matsayin gubar ma'auni don su tabbatar dafniyarsu tana amsawa daidai, kuma miligram 1 zuwa 2 a lita yakan isa ya kwantar da rabinsu cikin kwana ɗaya. Haka masu lambu da ke wanke famfon feshi a bakin tafki, da piya-piya da ake sayarwa a kwalba kusa da tumatir. Maganin ƙwari an yi shi ne don ya kashe ƙwaro, ƙumar ruwa kuwa dangin ƙwari ce ta nesa, tana cikin waɗanda suka fi saurin faɗuwa.

Doka ba ita muka rasa ba. Akwai dokar muhalli mai lamba 98-56 ta 29 ga Disamba 1998. Akwai dokar ruwa ta 2010. Akwai ta 2018 kan tantance illar ayyuka ga muhalli, da ofishin BNEE da ke duba rahotannin. Magungunan ƙwari akwai kwamitin ƙasashen Sahel na CILSS da ke ba su izini. Hukumar Kogin Isa ta ƙasashe tara, hedkwatarta a Yamai take. Abin da nake nema ƙarami ne a kan wannan tulin takardu: duk masana'anta, mahaƙa, mayanka ko asibitin da ke da bututun da ke ƙarewa a kogi, gulbi ko tafki, a sa gwajin guba a kan halittu masu rai cikin sharuɗɗan izininsa, a yi shi da damina a kuma yi shi a tsakiyar rani, da kuɗinsa, a ɗakin gwajin da ba nasa ba. Sakamakon kuma a manna shi a allon ma'aikatar magajin gari, a karanta shi a rediyo da Hausa da Zabarmanci. Na taɓa zuwa wani ofishi neman sakamakon awon ruwan wata magudana, aka ce in rubuto takarda, na rubuto, aka ce mai sa hannu ya yi tafiya. Sau uku ina komawa. Sakamakon da ke kulle a durowa bai kare kowa ba.

Kuma aikin nan bai fi ƙarfin jami'o'inmu ba. Muna da Abdu Mumuni a Yamai, Ɗan Dikko Ɗankulodo a Maraɗi, André Salifu a Damagaram, Jibo Hamani a Tawa, kowace shekara ɗalibai na neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kansa. Ƙasashe masu zafi irin Barazil sun daɗe suna gwaji da ƙumar ruwan yankinsu maimakon dogara da ta Turai kaɗai. Mu ma a tafkunanmu akwai danginta, irin su Moina, da suka saba da zafinmu. A kiwata su, a gwada a zafin ruwanmu na gaske, mu sami lambobin kanmu. Akwai wahala, ban ɓoye ba: ɗaukewar wuta kan kashe kiwo a dare ɗaya, kuma gwajin da ba a bi ƙa'ida ba gara ma ba a yi ba, domin lauyan kamfani zai yaga shi cikin minti biyar. Amma kuɗin ɗaki ɗaya mai sola da firiji da mikroskop bai kai na mota guda cikin jerin gwanon da ke wuce mu a titi ba.

Mu mutanen Maraɗi ba sai an ba mu labarin ruwan da ba a sa wa ido ba. Tibiri na nan kusa. Ruwan rijiyar burtsatse ne garai-garai, ba wari ba launi, amma sinadarin fuluwor ɗinsa ya zarce miligram 1.5 a lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade nesa, yara suka yi shekaru suna sha, ɗaruruwa ƙasusuwansu suka lanƙwashe. Can daga ƙasa sinadarin ya fito, ba masana'anta ba, kuma awon sinadarai ne ke kama irinsa. Amma halin ɗaya ne, an jira sai jiki ya nuna.

Ku da ke karanta wannan a waya, akwai abin da za ku iya tun yau ba tare da laboratuwar ba. Ku duba jikin bido da gwangwani da buhun da ake aiki da su a garejin unguwarku, wurin rini, wurin wankin mota, shagon maganin gona. In kun ga alamar murabba'i mai jan baki da hoton mataccen kifi da busasshen itace, wannan kayan an riga an gwada shi a wani wuri, an tabbatar yana kashe halittun ruwa. Kowane sinadarin masana'anta yana da takardar bayanin kariya mai sashe 16, sashe na 12 shi ne na muhalli, a nan ake rubuta CE50 na dafniya da gansakuka. Mai shigo da kaya ya kamata ya mallake ta, ku tambaye shi. Ku ɗauki hoton lakabin, ku ɗauki hoton inda ruwan wurin yake gangarawa, ku rubuta rana da unguwa, ban da fuskar kowa ko sunan kowa, ba farautar masu ƙaramar sana'a muka fito ba. In hotunan suka taru unguwa-unguwa, mun sami abin ajiyewa a teburin magajin gari wanda ya fi "ana cewa".

Gwaggo kuwa, mun haƙa mata rami a bayan gida nesa da rijiya, muka shafe shi da siminti, ruwan rini ya kwana ciki ya kwanta rana ta shanye, ya daina bin kwata. Yanzu busasshen dattin ne ke taruwa a ƙasan ramin, shuɗi mai ƙyalli, ta kwashe ta cika buhu biyu ta jingine a zaure. Shekaranjiya ta kira ni a waya ta ce, "To malamin kwaɗi, buhunan nan ina za a kai su?" Na ce mata zan tambaya a ma'aikatar magajin gari ranar Litinin.